Kwamfuta nawa filin sayar da motoci yake buƙata? Amsa ga wani Alhaji mai harkar motoci a Zariya

“Assalamu alaikum. Ina da filin sayar da motoci a Zariya, a bakin hanyar Kaduna zuwa Kano. Motoci sukan kai 30 zuwa 40 a filin, wasu nawa ne, wasu kuma na mutane ne da suka kawo a sayar musu. Ina da yara 4 masu ciniki, akawu 1 da masu gadi 2. Har yau da littafi da waya muke komai. Wani matashi ya kawo mini lissafi, wai in sayi kwamfutar tebur 6, da babbar kwamfuta da yake kira saba, da kyamara 16, da Starlink, wai intanet ta tauraron ɗan'adam. Kuɗin ya ɗaga mini hankali. Ta yaya zan gane abin da nake buƙata da gaske, da wanda zai zama asara?”

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. Tambayarka tana da kyau, domin ba ka ce a faɗa maka wace kwamfuta ce ta fi ba, ka ce a nuna maka yadda ake auna buƙata. Aikina kenan, haɗa kwamfutoci da netwok a shaguna da ƙananan ofisoshi, kuma na shiga filayen motoci a Zariya da Kaduna. Ban ga naka filin da idona ba, don haka abin da zan ba ka hanyar awo ce, kai da mai aikinka ku ɗora ta a kan abin da ke ƙasa.

Ba zan ce matashin nan yana son cutarka ba. Ta yiwu abin da aka koya masa ne ya rubuto, tsarin ofishin banki ko na makaranta. Inda lissafinsa ya gaza shi ne ya fara da kaya. Ana farawa ne da aiki: me ake yi a filin nan daga safe zuwa magariba, wane bayani ne ke shiga, wa ke riƙe da shi, kuma me zai faru in ya ɓata. Idan aka amsa waɗannan, yawan kwamfutar zai fito da kansa.

Bi mota ɗaya daga shigarta zuwa fitarta

Ka ɗauki mota ɗaya, a ce Corolla da aka sauko da ita daga Legas. Zauna da akawunka da babban yaronka, ku bi ta taki-taki. Wa ya karɓe ta? A ina aka rubuta lambar shasinta? Takardar kuɗin fito ta kwastam tana hannun wa? Nawa aka saye ta, nawa direban da ya kawo ta ya karɓa, nawa aka kashe wajen bakanike, mai fenti, mai wayarin da mai wanki? Wa ya ɗauki hotonta, a wayar wa hoton yake? Da mai saye ya zo ta hannun dillali, a ina aka rubuta sunan dillalin da la'adarsa? An ba da kafin alƙalami, yaushe za a kawo ciko? In musaya aka yi, aka kawo tsohuwar mota aka ɗora kuɗi, nawa aka yi wa tsohuwar kuɗi? Ranar da za ta fita, wa ya ba maigadi izinin buɗe ƙofa?

Sai ku sake bin wata, amma ta mutane, wadda aka kawo ajiya a sayar. A nan ne rigima ta fi tashi a filayen mota. Mai mota ya ce farashin da ya yarda da shi daban, ko ya ce da taya ta safiya da jak ya kawo ta, ko ya ga kilomita ta ƙaru ya ce ana yawo da ita. Duk wannan ana kashe shi da shafi ɗaya da hotuna na ranar da ta shigo: gaba, baya, gefe biyu, cikin but, da allon mita a kunne.

Duk inda kuka tsaya a wannan bibiya kuka ce “wannan yana kan wane” ko “sai an tambayi wane”, to nan ne kwamfuta za ta yi maka amfani. Inda littafi ke yin aikinsa lafiya, ba dole ne a taɓa shi yanzu ba.

Rajistar motoci ita ce gaba da komai

In da za ka ce in zaɓi abu ɗaya tak, zan ce rajista: jeri ɗaya na duk motar da ta taɓa shiga filinka, kowace da layinta, kuma lambar shasi ce sunanta. Kada a rubuta “Camry baƙa”, domin baƙaƙen Camry suna da yawa. Lambar shasi ta zamani tana da haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Idan akawu ya rubuta guda 16, ko ka ga O a ciki, an yi kuskure, a koma jikin mota a duba. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta 10 tana nuna shekarar motar: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Ka san yadda ake sauya wa mota fitilu da bamba a ce sabon yayi ce. Wannan alama ba ta sauyawa da fitila, don haka ya kamata kowane yaronka ya iya karanta ta.

A ƙarƙashin kowace lambar shasi sai a buɗe jaka ɗaya a kwamfuta, a zuba hoton takardun kwastam, rasit ɗin saye, yarjejeniyar sayarwa, katin shaidar mai saye da na wanda ya kawo motar, da hotunan motar. Ba sai ka sayi na'urar sikanin ba da farko, kyamarar waya mai kyau tana wadatarwa in an shimfiɗa takarda a inda haske yake.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan ba tsari kawai ba ne. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a 2019 jami'an kwastam sun rufe filayen motoci da dama a sassan ƙasar nan suna neman takardun fito. Wanda takardunsa ke warwatse a durowa da aljihun yara ya sha wahala ko da motocinsa na halal ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu sayar da motoci cikin 'yan kasuwar da ake buƙatar su yi rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, su san wanda suke ciniki da shi, su kuma ajiye bayanan cinikin. Dokar ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. A farashin mota na yau, kusan kowace mota mai lafiya ta haura wannan. Ni ba lauya ba ne, yadda za ka cika waɗannan sharuɗɗa sai ka zauna da lauya ko akanta. Abin da ya shafe ni shi ne, tsarin kwamfutarka ya iya fito da takardun kowace mota cikin minti biyu in an nema.

Da me za a yi rajistar? Ga mota 40, manhajojin jera bayanai a layi-layi, wato Google Sheets ko Excel, sun isa, kuma ni na fi son na farkon saboda abu biyu: kana iya buɗe shi a wayarka ko kana Kano ko kana Makka, sannan yana ajiye tarihin wanda ya sauya wani abu da lokacin da ya sauya. Idan farashin saye ya tashi daga wani adadi ya koma wani, za a ga hannun da ya taɓa. Sharaɗin shi ne kowa ya shiga da nasa asusun. In mutum 5 suna shiga da kalmar sirri ɗaya, tarihin ba shi da amfani. Ka kuma raba shi gida biyu: shafin da yara ke gani, mai ɗauke da motocin da ke ƙasa da farashin da za a faɗa wa mai saye, da shafin da kai da akawu kaɗai ke gani, mai ɗauke da kuɗin saye da riba.

Akwai manhajojin lissafi irin su QuickBooks, Sage, Zoho Books da Odoo, akwai kuma manyan manhajojin da dilolin ƙasashen waje ke amfani da su, masu haɗa sayarwa da gyara da kayan gyara wuri guda. Shawarata kada ka biya kuɗin ko ɗaya sai rajistar nan ta yi wata 3 tana tafiya ba tare da an tsallake mota ba. Wurin da ba a saba rubutawa ba, manhaja mai tsada ba za ta koya wa mutane rubutu ba. Kuma kada ka jefar da littafinka. A watan Yunin 2024 masu kutse sun durƙusar da manhajar CDK Global, wadda filayen motoci kusan 15,000 a Amurka da Kanada suka dogara da ita, dilolin can suka koma biro da takarda na kusan mako 2. Littafin shiga da fita na bakin ƙofa ya ci gaba da zama a hannun maigadi, a riƙa gwada shi da na kwamfuta duk ƙarshen mako.

To, kwamfuta nawa?

Ka tambayi kanka, wa ke zama a kujera ya yi rubutu mai tsawo? Akawu, sai kai wani lokaci. Yaran ciniki a tsaye suke yini, suna tsakanin motoci, aikinsu hoto ne da bidiyo da amsa saƙo. Abin da suke buƙata waya ce mai kyamara mai kyau da wurin caji. Kenan ga filin da ka kwatanta, kwamfuta 2 sun isa, 3 in kana son ta ko-ta-kwana. Kuma laftof nake ba da shawara maimakon ta tebur, domin batirinta yana riƙe ta in wuta ta ɗauke, kuma abin da take ci bai cika wuce wat 45 zuwa 65 ba, alhali ta tebur da allonta takan ninka haka.

In ta hannu za ka saya a shagunan PZ a nan Zariya ko a Kano, ka lura da abu ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana son injin Intel na ƙarni na 8, wato zubi na takwas na ƙirarsa, zuwa sama. Kasuwa cike take da tsofaffin laftof masu araha da ba su kai nan ba. Nemi Core i5 ƙarni na 8 ko sama, RAM aƙalla gigabait 8, da ma'ajiyar SSD. Firinta kuwa guda 1, ta leza mai baƙi da fari, saboda rubutunta ba ya narkewa in ruwa ya taɓa rasit.

Saba ba ka buƙatarta. Amfaninta shi ne inda mutane da yawa ke aiki kan manhaja ɗaya a cikin gini, kuma tana son wuta dare da rana, da sanyi, da mai kula da ita. A Zariya, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, zafin Maris da Afrilu kuma ya kai digiri 40 ko kusa, saba a ofishin kwano ko kwantena nauyi ce kawai za ka ɗora wa kanka. Ka soke ta daga lissafin, ka mayar da kuɗin kan wuta.

Wuta

A nan ne yawancin ayyukan da nake zuwa gyarawa suka lalace. An sayi kaya masu kyau, an jona su a wutar layi da janareta kai tsaye, wata 6 ba a yi ba rauta, wato na'urar raba intanet, ta ƙone, na'urar kyamara tana kashe kanta. Wutar Kaduna Electric, kamar ta sauran wurare, tana zuwa tana ɗaukewa, kuma lokacin dawowarta da lokacin juyawa zuwa inji su ne ke kashe ƙananan na'urori. Kyamarar da ke mutuwa in an kashe inji ƙarfe 9 na dare kuwa, ta bar aiki daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Lissafin ba shi da wuya. Rubuta kowace na'ura da wat ɗin da ke jikin cajarta. Rauta kamar wat 10. Kyamara 8, yawan da nake ganin zai ishe ka, da na'urar da ke naɗar hotonsu, a ce wat 80 zuwa 100 da dare in fitilunsu na ganin duhu sun kunnu. Wannan shi ne nauyin da ba ya kwana: wat 100 cikin awa 14, daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, ya kama kilowat-awa 1.4. Batirin ruwa mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ake so a ci in ana son ya yi ƙarko, wato 1.2. Ka ga guda ɗaya bai isa ba ko da kyamara da rauta kaɗai. Batirin litiyom mai kilowat-awa 5 zai ɗauke wannan da sauran sarari, har da laftof da cajin wayoyi. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, faifan sola kaɗan za su cika shi, muddin ana goge musu ƙura lokacin hunturu.

Abin da nake roƙonka shi ne a ja wa kayan netwok layinsu daban daga inbata, da soket masu alama, kuma a hana kowa jona hita, dutsen guga, firij ko na'urar sanyaya ɗaki a kai. Na sha zuwa wurin da aka ce batir ya lalace, ina dubawa sai in tarar da butar dafa shayi a soket ɗin kyamara. Ita ma firinta ta leza tana jan ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama, a sa ta cikin lissafin girman inbata. Fitilun tsaro na fili su ma a yi musu lissafinsu daban, ko a sa masu solar kansu.

Sai tsawa. Ruwan farkon damina a Zariya da iska da aradu yake zuwa, kuma filin mota buɗaɗɗen wuri ne mai dogayen ƙarafa da wayoyi a miƙe. Wayar kyamara da ke kan fol tana iya kwaso ƙarfin tsawa ta kai shi har cikin ofis. A kafa sandar ƙasa ta jan ƙarfe yadda ya dace, a sa abin kare na'ura daga hauhawar wuta a allon wuta da kuma kan wayoyin da suka fito daga waje. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da kayan da yake karewa, amma shi ne aka fi tsallakewa a lissafi saboda ba a ganinsa.

Intanet: a gwada kafin a saya

Buƙatarka ta intanet ta fi karkata ga turawa: bidiyon mota zuwa ga mai saye a Abuja, hotuna zuwa Facebook da shafin talla na Jiji, takardu zuwa ma'ajiyar intanet. Kamfanoni kuwa saurin saukewa suke tallatawa. Don haka a gwada duka biyun. Samo layin MTN, Airtel da Glo, ka tsaya a cikin ofis da tsakiyar fili da bakin ƙofa, ka gwada da manhajar Speedtest da safe, da azahar, da bayan isha'i, na tsawon kwanaki. Sabis a Zariya ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Abin da ke gudu a Samaru ba lallai ya yi gudu a Kwangila ko Ɗan Magaji ba, har ma tsakanin gaban fili da bayansa akan sami bambanci. Ofishin kwantena kuwa ƙarfe ne ta ko'ina, yana danne sabis, shi ya sa akan sa rauta kusa da taga ko a fitar da eriyarta waje.

Idan layi ɗaya yana ba ka megabit 5 zuwa 10 na turawa a kowane lokaci, ya ishe ka. Ka ɗauke shi a matsayin babba, ka riƙe na wani kamfanin daban a matsayin na biyu, domin ranar da aka yanke wayar faiba, wato wayar da ke ɗauko intanet, a wani wuri, duk masu layin nan tare suke tsayawa. Akwai rauta masu cin sim biyu da ke juyawa da kansu. In kuma akwai kamfanin da ya kawo faiba layinku, tambayi maƙwabtan da ke amfani da ita kafin ka sa hannu.

Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma tana aiki sosai inda sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi. Sai dai tana da kuɗin kaya, da kuɗin wata da za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, tana cin wat 50 zuwa 100 ba tsayawa, wanda kusan zai ninka nauyin batirinka na dare, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan katse ta na ɗan lokaci. Ga filin da ke bakin babbar hanya, ina ganin gwajin layukan waya ne zai yanke hukunci. In sun gaza, ko kana son ka riƙa kallon kyamarori da yawa daga gida kullum, sannan a yi maganarta.

A cikin fili, abin da bai motsi a ja masa waya, abin da ke yawo a bar shi a kan wayfai. Wayar netwok ta Cat6 ba ta wuce mita 100 a jan guda, in filin ya fi haka sai a sa wata na'urar rabawa a tsakiya. Ka sa ido kan irin wayar da za a kawo. Akwai mai araha wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Karɓi guntu, ka kankare silin ɗaya da reza: in cikin ya fito fari, ba ita ba ce. Irin wannan ba ta ɗaukar wutar kyamara da kyau a nesa, kuma tana karyewa. A zura wayoyin cikin bututu saboda rana da ɓeraye. Motoci ƙarfe ne, suna tare wayfai, don haka na'urar watsa shi ta waje a ɗaga ta sama da rufin motoci, guda 1 mai kyau takan rufe matsakaicin fili. A raba wayfai gida biyu, na aiki da na baƙi, in ba haka ba dillalan da ke zaune a rumfa za su cinye datar wata cikin mako, kuma wayar kowa za ta zauna a layi ɗaya da kwamfutar akawu.

Kyamara

Ba yawa ake nema ba, mazauni ake nema. Zagaya filin ka ƙirga wuraren da abu zai iya fita ko ya ɓata: ƙofar shiga, kusurwoyin katanga, teburin da ake ƙirga kuɗi, da inda ake rataye makullai. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi, alhali wanda ya sami makulli na minti 10 ya gama da mota. A ƙofa ina son guda 2, ɗaya a sama tana ganin komai, ɗaya ƙasa-ƙasa daidai fuskar direba da lambar mota. A gwada ta da dare da fitilar mota a kunne, domin da yawa suna nuna fari fat in haske ya doke su. Ga fili mai mota 40, sau da yawa 8 suna isa. Sayi na'urar naɗa mai ƙofa 16 in kana so, ka ƙara kyamara daga baya.

Tambayi mai aikin kwana nawa hoton zai zauna kafin ya goge kansa, kuma ya nuna maka lissafin. Kyamara ɗaya mai naɗa a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin gigabait 21 da ɗoriya a yini. Guda 8 sun kama wajen 170, kenan faifai mai terabait 4 zai riƙe kwana 23 ko kusa. A harkar mota ana iya yin mako 2 kafin a lura an sauya batir ko an cire wani abu a inji, don haka kada ka yarda da ƙasa da haka. Faifan ya zama irin na kyamara, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk, waɗanda aka yi don aiki ba hutu. Na'urar naɗar a ɓoye ta a akwatin ƙarfe mai iska, kada a ajiye ta kan tebur inda ɓarawo zai ɗauke ta ya tafi da shaidar. A saita agogonta daidai, kuma kalmar sirrinta ta zama a hannunka, a sauya wadda ta zo da ita.

Lambar waya, alat da amanar mutane

Akwai wata dukiya a filinka da ba ta cikin lissafin matashin nan: lambar da masu saye suka sani. Na ga filin da shekaru ana talla da lambar wani yaro, ranar da ya tashi ya buɗe nasa wurin, ya tafi da lambar da duk abokan cinikin da ke cikinta, kuma ba wanda zai ce ya yi sata, domin layinsa ne. Ka yanki layi da sunanka ko na kamfani, a buɗe WhatsApp Business a kai, wayar ta zauna a ofis. Ana iya haɗa wasu na'urori har 4 a kan lamba ɗaya, yara su riƙa amsawa daga nasu, wanda ya bar aiki a cire shi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma kowa ya sani ba a karanta wa kowa lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo, ko da ya ce daga ƙungiyar dillalai yake kira. Shafin Facebook da imel ɗin da rajista ke kai su ma haka, kai ne mai su, sauran an ara musu ne.

Batun alat na bogi kuwa, ƙa'ida ɗaya ce: mota ba ta fita don an nuna hoton taransifa ko don saƙo ya shigo waya. Sai kai ko akawu kun buɗe manhajar banki kun ga kuɗin a cikin asusu. Wannan ma yana cikin dalilan riƙe layin intanet na biyu, domin mai niyyar cuta yana son lokacin da ake cewa netwok ba kyau, ga magariba ta gabato, ga shi yana sauri.

Katunan shaida da lambobin NIN da kake karɓa amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe su nauyin tsare su. Kada su yi ta yawo a wayoyin yara da zaurukan WhatsApp. A ɗauka, a tura jakar motar, a goge daga wayar. Ita jakar kuma ta zama tana da kwafi a wuri biyu bayan laftof: ɗaya a intanet, inda Google ke ba da gigabait 15 kyauta kafin a fara biya, ɗaya a faifan waje da kake tafiya da shi gida duk Juma'a. Lokaci-lokaci ka ce a buɗe maka takardun wata tsohuwar mota daga faifan, ka tabbatar kwafin yana buɗuwa.

In kuna duba motoci kafin saye, ƙaramar na'urar gwajin inji tana da amfani. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake jona ta. Wannan waya ko tablet ɗaya kawai take buƙata, sai dai karanta sakamakon aikin mai wayarin ne da ya san kan abin.

Yadda za ka koma wa mai lissafin

Ban sa farashi ba da gangan, domin kayan nan da dala suke tafiya, abin da na rubuta yau zai iya zama tarihi kafin wata ya ƙare. Ka nemi lissafi daga mutum 2 ko 3. Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi, ga ABU ga kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye su duk shekara. Wanda ya ba ka farashi bai zo ya auna filin ba, bai gwada sabis ba, bai tambayi awa nawa kuke samun wuta ba, ka ajiye takardarsa gefe. Shi ma matashin farko ka ba shi dama ya sake lissafi a kan wannan tsari: wuta da kariyar tsawa da farko, sai laftof 2 da firinta da rajista, sai intanet mai layi biyu, sai kyamara. Kowane kaya a rubuta sunansa da samfurinsa, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a kuma rubuta kuɗin da zai riƙa fita duk wata, wato data da ma'ajiya da ladan mai zuwa dubawa.

Ka riƙe wani kaso na kuɗin aikin har sai an yi gwaji a gabanka: a kashe wutar layi da inji da yamma, da safe a duba ko kyamara ta kwana tana naɗa, a cire sim na farko a ga ko na biyu ya karɓa, ka zaɓi mota ɗaya da ka, akawu ya fito da takardunta kana tsaye. Sannan ya miƙa maka takarda mai ɗauke da duk kalmomin sirri da zanen inda kowace waya ta bi, ya kuma zauna da akawu da yaran ya koya musu har hannunsu ya faɗa. In ka aiko mini da faɗi da tsawon filin, da inda ofis da ƙofa suke, da sakamakon gwajin layukan, zan iya faɗa maka inda kyamarori za su zauna da girman batirin da zai ɗauke ku.